BAKIN ƘAHON KOFUR MAMMAN

Shafi na 19

Ku yi min afuwa jama'a, kwana uku ban leƙo ba, wayata ce ta faɗa ruwan wanki. Wadda ta rubuto cewa in ban kai Phoebe gidan Baba Wilson yau ba za ta fice daga gurup, dawo ki zauna, ga mu a ƙofar gidan.

Sababbin shigowa kuma ga inda muke. Phoebe Las Kofur ce a soja, ta zo gida da fas, wato izinin hutu, na kwana goma don ta binne mahaifinta ranar Asabar. Mahaifin nata, Kofur Mamman Daniel, korarsa aka yi daga soja shekara ashirin da bakwai da suka wuce, wai ya bar gadi ya tafi busa ƙaho a gidan biki. Ta roƙi ƙungiyar tsofaffin sojojin unguwa su zo su yi masa busar bankwana a bakin kabari. Shugabansu, Baba Wilson, ya aiko da takarda cewa korarre ba shi da wannan haƙƙin.

Yau Alhamis.

* * *

Uku ta ɗan gota ɗan acaɓa ya sauke ta a Unguwar Boro, bakin wani koren get. Da kaki ta zo, kuma da gangan. A hammatarta akwai wani abu naɗe cikin tsohon tawul.

"Gafaranku dai."

Wata dattijuwa ce ta buɗe, hannunta duk garin masara. Ta dubi kakin, ta dubi fuskar, sai ta dafa ƙirji.

"Wannan goshin na Mamman ne. Phoebe?"

"Ni ce, Mama."

"Allah Sarki. Ni ce Eunice, ba za ki tuna ni ba. Ƙofarmu na kallon taku a layin C na bariki. Ni na fara yi miki wanka a bahon roba, uwarki Vicky na kwance tana ta mitar wai zan karya ki." Ta goge ido da bayan hannu. "Kicin ɗaya muke, murhu huɗu. Yau in ki ka ji ƙamshin miyar wata, gobe ita za ta ji naki. Sannu 'yata, ya haƙuri?"

"Da godiya, Mama. Baba na nan?"

Murmushin Mama Eunice ya ɗan ja baya.

"Yana gindin gwaiba. Yau ranar taronsu ce, ƙarfe huɗu za su fara zuwa."

Ni da aka haifa a barikin soja, ko a mafarki na ga zaman nan zan gane shi. Benci biyu, tebur da allon diraf a kai, marafan kwalba a jere maimakon 'ya'ya. Baba Wilson na zaune da hular ƙungiya a ka, bel a ƙugu, gashin bakin nan fari fat. Takalmi ɗaya a cinyarsa, yana zagaya masa auduga a hankali, ya ɗan tofa yawu, ya sake zagayawa. Shekara goma sha biyar da ritaya, amma har yau tsohon Samanja bai yarda wani ya taɓa masa takalmi ba.

Phoebe ta ƙame ta sara.

"Barka da rana, sa."

Bai ɗago ba. Ƙafafunta ya kalla.

"Las Kofur, takalminki na hagu bai ji mai ba."

"Daga mutuware nake, sa."

Audugar ta tsaya.

"Na ba ki amsa a rubuce," ya ce. "Ba ni na yi dokar ba. Wanda aka kora ba tuta, ba busa. Ke soja ce, kin sani."

"Na sani, sa. Ba don takardar na zo ba. Saƙo aka ba ni."

Ta ture marafan kwalbar gefe, ta ajiye abin a kan allon diraf, ta warware tawul ɗin.

Ƙaho ne irin na 'yan badujala, mai maɓalli uku. Ya sha guga har jan ƙarfensa ya fara komawa fari. Sai dai can wajen da ake kafa baki rami ne kawai, ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai kama da mazurari da ake busawa ta ciki babu shi.

Baba Wilson ya ɗago a karo na farko. Ba ita ya kalla ba.

"Rufe shi."

"Ranar Lahadi da rana ya cika, sa. Ina kan hanya muna waya. Muryarsa ta riga ta tafi, sai da ƙanwarsa ta kara masa wayar a baki. Ya ce, ki kai wa Oga Wilson ƙahon nan. Ki ce masa na gaji da riƙe masa gadi, ya zo ya canje ni."

Takalmin ya sulluɓe daga cinyar tsohon ya faɗi ƙasa. Bai sunkuya ya ɗauka ba.

"Haka ya ce?"

"Sau biyu."

"Me kuma?"

"Shi ke nan. Na ɗauka zafin ciwo ne. Amma kwana huɗu ke nan ina juya maganar. Babana shekara ashirin yana gadin wata masana'anta a Kudenda, ko fitsari ba ya zuwa sai mai canjinsa ya iso. Ranar da Mamata ta rasu aka je aka faɗa masa, sai da ya jira ƙarfe shida ta yi. Mutane suka yi ta zaginsa. Ta yaya irin wannan mutumin zai bar gadin ma'ajiyar makamai don gidan biki?"

"Mutum na canzawa."

"Kowace Lahadi bayan coci zai zauna da toka da lemon tsami ya goge ƙahon nan. Ban taɓa jin ya busa ba. Ina ƙarama na ce Baba ina bakinsa? Ya ce yana wajen aro. Na tara kuɗin tara na ce mu je mu sayo wani, ya ce a'a, ba a yi wa ƙaho baki biyu."

Baba Wilson ya juya kai wajen katanga.

"Sa, 'yar mai ƙaho ake kirana tun ina firamare. Na shiga soja ne don in wanke sunan nan. Kirsimetin bara muka yi faɗa da shi, na ce masa kai ka zubar, ni nake kwashewa. Bai ce komai ba. Ya tashi ya goge min takalmi. Ban ba shi haƙuri ba har ya tafi."

Wallahi a nan ni ma sai da na ajiye wayar na ɗan zagaya.

Mama Eunice ta fito da ruwa a kofi, ta ga fuskar mijinta, sai ta tsaya inda take.

"Baban Joseph, lafiya?"

"Koma ciki."

"Ba zan koma ba."

Can wani waje ana ta bugun ƙarfe a garejin makanikai. Baba Wilson ya nuna wa Phoebe benci da haɓa.

"Zauna, Las Kofur."

"Na fi son tsayuwa, sa."

"To tsaya."

Ya miƙa hannu ya shafa maɓallan ƙahon, yatsu uku, kowanne ya sauka daidai inda ya kamata. Phoebe ta lura da hakan.

"Ba ki san Kakuri ba," ya ce. "Wannan da kike gani yanzu kango ne. A lokacinmu in jiniyar masaƙa ta yi kuka da yamma, kekuna ne za su cika titi har ba inda za ki sa ƙafa. Ƙarshen wata kuwa kowane lungu kiɗa. Akwai wani Sylvanus, Inyamuri, da rana yana gyaran rediyetar mota, ranar Asabar ya sa farar kwat ya zama shugaban makaɗa. In babanki ya tsaya a bayansa ya ɗaga ƙahon nan, mai tuyan doya sai ta bar doyarta ta ƙone."

"Ke ma kin yi rawa a goye," in ji Mama Eunice a hankali.

"A Laberiya ya sayi ƙahon," in ji Baba Wilson. "Lokacin da aka tura mu yaƙi can ne. Da alawus ɗinsa na farko, kowa na sayen rediyo da atamfa, shi ya sayo ƙaho a hannun wani malamin coci da ke gudun hijira. Muka yi ta yi masa dariya. Amma ranar da muka kwashe gawar mutum shida daga cikinmu, ba wanda ya iya cin abinci, shi ne ya zauna bayan kicin ya busa waƙar coci. Musulmi da Kirista duk muka zagaye shi. Ranar na ji abin ya shige ni."

Ya ɗauke hannunsa daga kan ƙahon.

"Na ce ya koya min."

Mama Eunice ta ajiye kofin a ƙasa.

"Kai?"

"Ni."

"Kai da ka sa yaro tsallen kwaɗo don ya yi fito a layi?"

"Ni ɗin. Shi ya sa ba wanda ya sani. Ina Saje mai igiya uku, duk bataliya tsorona ake ji, in aka ji Kofur na koya min busa ai na gama yawo. Safa muke cusawa a cikin ƙahon don kar sauti ya fita. Shekara huɗu yana koya min. In na yi kuskure ya ce, Oga, da girmamawa, wannan kukan akuya ne."

Dariya ta so kama shi, ta maƙale a hanya.

"Mai busa ba ya ba da aron bakin ƙahonsa, ko ga ɗan'uwansa. Mamman ya ba ni. Kuma abu na farko da ya koya min, kana gama busa ka zare bakin ka jefa aljihu, don ya zauna da ɗumi, kuma kar wani ya sa nasa leɓen. Ya sa na yi ta yi har hannuna ya saba, ba sai na yi tunani ba."

Phoebe ta kalli ramin nan na jikin ƙahon. Ta sake kallon tsohon.

"Sa, wa ya je gidan bikin?"

"Ki bari in kai."

"Wa ya je?"

"Ni ne."

Wata gwaiba ta faɗo kan kwanon ɗaki ta gangara.

"Ranar Asabar ce. Ni ne shugaban gadin ma'ajiyar makamai, babanki mataimakina, da yara shida. Sylvanus na da biki a Trikania, mai ƙahonsa ya kwanta zazzaɓi. Ya aiko wa Mamman, Mamman ya ce yana gadi, ba zai je ba. Ni na ce zan je. Ban taɓa busa a gaban mutane ba, shekara huɗu ina busa wa safa. Na ce masa awa biyu kawai, Asabar ce, hafsoshi duk suna mes, gidan shaƙatawarsu. Ya ce Oga kar ka yi. Na ce Kofur, umarni ne, riƙe min gadin ina zuwa. Na zura babbar riga a kan kaki, na ɗauki ƙahonsa na fita ta baya."

Ya lumshe ido.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, ban taɓa jin daɗi a rayuwata irin na awa ɗayan nan ba. Mata na liƙa min kuɗi a goshi. Ba wanda ya san ni Saje Wilson ne. Ina cikin busa na ji an ja min riga. Mamman ne, gumi sharkaf, da keke. Ya ce an bugo waya, Kwamanda zai zagaya gadi nan da minti talatin."

"Da ya yi zamansa," in ji Phoebe.

"Da ya yi zamansa, ni za a kama. Ba abin da zai same shi. Ƙila ma a ƙara masa igiya."

"Amma ya zo."

"Ya zo. Keken ba kariyar ɗaukar mutum a baya, ba zai ɗauki biyu ba. Ya ce Oga kai za a fara nema, hau ka tafi, ni zan bi ta bayan wayar shinge in shigo. Na miƙa masa ƙahon na hau. Na isa saura minti biyar."

"Shi fa?"

"Da ya bar ƙahon a can, da ya tsallaka waya ba wanda ya gan shi. Amma gidan biki ne, rabin mutanen sun bugu. Mai busa ba ya barin ƙahonsa a hannun mashaya. Ya rungumo shi yana gudu. Da ƙaho a hannu ba ya iya bi ta ƙarƙashin waya ba tare da ya lotsa shi ba, sai ya zagayo ta get. Daidai lokacin motar Kwamanda ta shawo kwana."

Mama Eunice ta zauna a bencin ba tare da ta duba ba.

"Kwamanda ya sauko. Ya dubi Mamman, ya dubi ƙaho. Ya ce, Saje, ina mutumin nan ya je? Leɓena a kumbure yake, wanda ya yi awa yana busa bakinsa ba ya ɓuya. Na tura leɓen ciki na cije. Na ce, ban sani ba, sa."

"Ban sani ba," Phoebe ta maimaita.

"Na same shi a gadurum, inda aka kulle shi, da yamma. Na ce zan je in faɗi gaskiya. Ya ce Oga 'ya'yanka biyar, tawa ɗaya. Kai za a tsige maka igiyoyi, ni kwana goma sha huɗu ne da yankan ciyawa, in fito. Mu duka haka muka ɗauka. Ba mu san ana raɗe-raɗin juyin mulki a makon ba, an aiko da umarni daga sama cewa duk wanda ya bar gadin makamai a kore shi nan take. Hafsoshi sun sani, mu ba mu sani ba."

"Ranar Litinin da aka yi masa shari'a kun sani, sa."

Ya gyaɗa kai.

"Kin taɓa shiga odali rum a matsayin mai laifi?"

"A'a, sa."

"Kin dai san yadda ake yi. Mai laifi ba ya shiga gaban Kwamanda da hula, ba ya shiga da bel. A bakin ƙofa ake cire masa, don ya san daga nan shi ba cikakken soja ba ne sai an wanke shi. Ni na cire wa babanki hularsa da hannuna. Ni na kwance masa bel. Friday ne ya ba da lef-rai aka shigar da shi."

"Baba Friday na ƙungiyarku?"

"Shi. Lokacin yana Kofur."

Ya sunkuya ya jawo akwatin katakon da yake ajiye buroshi da man takalmi.

"Kwamandan nan ba wawa ba ne. Ya juya ƙahon a kan tebur, ya ce ina bakinsa? Mamman ya ce ya faɗi a hanya, sa. Kwamanda ya ce ƙarya ne, mai busa ba ya yar da baki, wanda ya busa shi ke da shi a aljihu. Ya ce Kofur, in akwai wani a cikin maganar nan, faɗa min yanzu, zan sassauta. Mamman ya kalli bango. Sai Kwamanda ya ce, Saje Wilson, caje shi."

Daga ƙasan akwatin ya ciro wani tsohon gwangwanin man takalmi, duk ya yi tsatsa.

"Na caje shi. Aljihu huɗu, na juye su waje ɗaya bayan ɗaya. Na ƙame na ce babu, sa."

Ya murɗa marfin.

"Yana cikin aljihuna na hagu. Ina jin sanyinsa a cinyata."

A cikin gwangwanin, kwance kan auduga, ga bakin ƙaho yana ƙyalli. An kankare lamba a jikinsa da ƙusa, huɗu, ɗaya, bakwai. Phoebe ta juya ƙahon babanta, ga lambar nan ita ma a gindin maɓalli. Ƙarshen lambarsa ta soja ce.

"Baban Joseph." Muryar Mama Eunice ba ta tashi ba ko kaɗan. "Awa arba'in da takwas aka ba su su bar ɗaki. Ni na taya Vicky ɗaure tukwane cikin ruwan sama, yarinyar nan na bayana tana kuka. Ka tsaya a baranda ka ce min in yi sauri, kar a ga matar Saje da iyalin korarre. Ka tuna?"

"Na tuna."

"Shekara ashirin da bakwai ina share ƙarƙashin akwatin nan."

Ta ɗauki kofinta ta riƙe a cinya.

"Kudenda da nan ba nisa, sa," in ji Phoebe. "Mota ɗaya ce."

"Na je sau uku. Na farko na tsaya a tsallaken titi na juyo. Na biyu haka. Na uku ya hango ni daga get ɗin masana'antar. Kin san abin da ya yi? Ya ƙame ya sara min. Da kayan maigadi." Ya share fuska da tafin hannu. "Da zagina ya yi da na iya tsallakawa."

"Sai kuma ka rubuta min takarda."

"Na ji tsoro. In na tsaya a bakin kabarin nan, na san ba zan iya yin shiru ba."

Phoebe ta daɗe tana kallonsa. Ta zo gidan nan da maganganu cike da baki, tun daga mota take jera su. Yanzu ta neme su ta rasa. Abin da take gani kawai babanta ne ranar Kirsimeti, a tsugune, da takalminta a hannu.

"Ni ba kotu ba ce, sa. Abu ɗaya ya nema. Jibi ƙarfe goma za a sa shi a rami. Ka zo ka busa masa."

Ya ɗauki bakin. Ya hura masa iska, ya goge a riga, ya zura shi a ramin ya ɗan murɗa. Ya shige daidai, da 'yar ƙara.

Ya miƙe tsaye. Ya gyara kafaɗa, ya ɗaga ƙahon, ya ja numfashi.

Iska ce kawai ta fito.

Ya sake kafa leɓe. Kumatunsa suka kumbura, jijiyar wuya ta tashi. Fuuu, kamar ana hura wutar gawayi.

Sau uku.

Ya sauke a hankali, ya taɓa bakinsa da yatsa. Haƙoran gaba na sama duk sun zube tun shekara shida, gashin baki ne ke rufe wajen. Ba haƙori, ba inda leɓe zai jingina.

"Ba zai yi ba," ya ce. "'Yata, ba zai yi ba. Na bari har ya wuce."

Wannan ne karo na farko da ya kira ta 'yata maimakon Las Kofur.

Kafin ta amsa get ya yi ƙara.

Huɗu ta yi. Tsofaffi ne su bakwai suka shigo a jere yadda suka saba, kowa da hularsa, wani da sanda, wani na jan ƙafa, suna musu kan wanda aka cinye a diraf makon jiya. Na gabansu gajere ne mai faɗin kafaɗa, Baba Friday.

"Oga, yau sai na rama, ko da..."

Maganar ta tsaya masa a baki.

Samanjan da ya hana ko fito a layi, ga shi tsaye da ƙaho a hannu. Ga yarinya da kaki. Ga Mama Eunice zaune ba ta ko yi musu sannu da zuwa ba.

Baba Friday ya matso. Ya ciro tabarau daga aljihu ya sa. Ya daɗe yana duban ƙahon, sannan ya kai ido kan bakin.

"Wannan na Mamman ne."

Ya nuna lambar da yatsa.

"Huɗu, ɗaya, bakwai. Ina wajen, Oga. Ina tsaye a bayansa ka juye masa aljihu, ka ce babu." Ya cire tabarau. "A ina aka tsince shi?"

Mama Eunice ta sunkuyar da kai. Phoebe kuwa ta haɗa dugaduganta ta tsaya kyam, idonta a kan tsohon.

Hanyar fita a buɗe take, ku ma kun gani. Ya ce yarinyar ce ta zo da shi, ta same shi cikin kayan marigayi. Wa zai musa wa Samanja? Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya taɓa yi.

Baba Wilson ya ajiye ƙahon a kan allon diraf.

Ya kai hannu ka, ya cire hularsa, ya ɗora kusa da shi.

Ya kwance bel ɗin, ya naɗe shi zagaye uku, ya ɗora a kan hular.

Wani tsoho a baya ya saki sandarsa ta faɗi. Babu wanda ya nemi a yi masa bayani a cikinsu.

Tsohon ya haɗa ƙafa, ɗaya da takalmi ɗaya da safa, ya manna hannuwa a cinya.

"Kofur Friday."

"Sa." Bakin ne ya amsa kafin mai shi ya yi tunani.

"Shigar da ni."

Baba Friday ya dubi sauran, ya dubi hular.

"Gaban wa, Oga? Ba Kwamanda a nan."

Baba Wilson ya juya ya fuskanci Phoebe.

"Ga ta nan," ya ce.